Sannunku da Ƙoƙari, Masu Riƙon Makarantar Ɗan Talaka

Yabon gwani ya zama dole, kuma a sha'anin makarantar gwamnati muna da gwanayen da har yau ba a yi musu kirarin da ya dace da su ba. Rufe makaranta abu ne mai sauƙi, duk mai kwaɗo da ɗan makulli zai iya. Gwaninta ita ce a kashe ta alhali ƙofarta na buɗe, tuta na kaɗawa, ana buga ƙarfe kowace safiya, sunanta kuma na fitowa a kasafin kuɗi kowace shekara. Wannan aiki ne na shekaru, mai son haƙuri da haɗin kai, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A Dukku da sauran garuruwan ƙaramar hukumar Rijau, da ma masarautar Kontagora baki ɗaya, hannuwa uku ne suka taru a kansa: masu mulki, shugabannin ƙungiyar malamai, da mutanen gari. Bai kamata ɗayansu ya tafi ba a yi masa sannu da aiki ba.

Kafin rabon yabo, a fara leƙa aikin. Shiga aji uku na firamare a ɗaya daga ƙauyukan da ke kan hanyar Kontagora zuwa Rijau. Iskar farkon damina ta yaye rabin kwanon tun bara waccan, saboda haka ajin ba ya rasa haske. Yara na zaune a ƙasa, wasu a kan buhun taki da suka zo da shi daga gida, wasu a kan silifas ɗinsu. Allon bango ne da aka shafa wa garin batir, ya koɗe har alli ba ya kama shi. Malami ɗaya ne ke riƙe da aji uku da aji huɗu, sai ya rubuta wa waɗannan abin kwafa, ya ba monita tsumagiya, ya tsallaka ɗaya ɗakin. Littafin karatu guda ne, yana hannun malam. Yarinya ta ɗaga hannu za ta zagaya, babu makewayi, sai ta nufi gida, ba a sake ganinta sai gobe. Kafin ƙarfe goma sha ɗaya wuri ya watse. Yaron da ya yi shekara shida a nan ya fita da haƙuri da juriyar rana da sanyi. In bai iya karanta sunansa ba, ai ba komai ake samu lokaci guda ba.

Jinjinar farko ta masu mulki ce, tun daga Abuja zuwa Minna har sakatariyar ƙaramar hukuma. Allah ya ja zamaninku, a fagen rubuta doka ba ku da na biyu. A 1976 gwamnatin soja ta Obasanjo ta ƙaddamar da ilimin firamare kyauta ga kowa. A 1999 shi dai Obasanjon, wannan karo a farar hula, ya je Sakkwato ya sake ƙaddamar da shi da sabon suna. A 2004 aka yi doka cewa shekara shida ta firamare da uku ta ƙaramar sakandare kyauta ce kuma dole ce. Uban da ya ƙi kai ɗansa a ja masa kunne, in ya sake a ci shi tarar naira 2,000 ko ya yi wata guda a gidan yari. Sai kuka nuna tausayin da aka san ku da shi, kuka bar dokar ta yi barcinta. Yau da hantsi yara na wucewa da farantin talla ta gaban ofisoshinku, babu mai ɓata musu ciniki. A 2022 hukumar UNESCO ta ƙiyasta yara da matasa miliyan 20 ba sa zuwa makaranta a Najeriya, kuma kowa ya san Arewa ce ta ɗauki kaso mafi tsoka. Ƙasashen da suka kai mu a duniya ba su da yawa, kuma irin wannan matsayi ba a samunsa da sa'a.

Dokar nan ta 2004 ta ware wa hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa, UBEC, kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, da sharaɗi guda: jihar da ke son rabonta ta ajiye kwatankwacinsa. Ka kawo naira, a ba ka naira. Amma gwamnoninmu mutane ne masu wadatar zuci. Shekara da shekaru hukumar tana kukan biliyoyin naira na kwance a asusunta, jihohi da dama sun ƙi zuwa ɗauka. A taron Incheon na Koriya ta Kudu a 2015, duniya ta amince kowace gwamnati ta ba ilimi kashi 15 zuwa 20 cikin 100 na abin da take kashewa. Gwamnatin tarayya ta daɗe ba ta kai kashi 10 ba, gudun kada a zarge ta da almubazzaranci. Inda kuɗin ya fito kuwa an san abin da ya fi albarka, wato fenti. A shafe ajin da ke bakin titi, a kafa allon kwangila da ya fi allon aji kyau, a ɗauki hoto. Fenti ana ganinsa daga cikin mota. Ko yaro ya iya karatu, wannan sai an tsaya an shiga an tambaya.

Hikimar da ta fi kowace ita ce yadda aka ɓatar da amsar tambaya mai sauƙi: wa ke biyan malamin firamare? A 1988 gwamnatin Babangida ta kafa hukumar ilimin firamare ta ƙasa, albashi ya daidaita. A 1991 aka rushe ta aka miƙa malamai ga ƙananan hukumomi, albashi ya koma sai an ga dama, har aka dawo da hukumar a 1993. Yau kuɗin ƙaramar hukuma na bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha ke riƙe da makarantu, sakataren ilimi yana tsakiya. Ka je Rijau a ce maka Minna ce, ka je Minna a ce kason Abuja ne ya ragu. Ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Aka yi tafi, kowa ya koma ya zauna.

Daga cikin wannan tsari Jihar Neja ta fito da abin da ya cancanci a rubuta da ruwan zinare, wato albashi kashi-kashi. Malami ya yi aikin wata cur, a biya shi wani kaso, ragowar kuma Allah ya ba da lada. Abin ya kai har ƙungiyar malamai ta jihar ta tafi yajin aiki a farkon 2022, lokacin ɗan shiyyar nan tamu ne a kujerar gwamna. A 2024 jiha ta amince da mafi ƙarancin albashi na naira 80,000, bayan cire tallafin fetur na 2023 ya riga ya cinye ƙarin tun bai iso ba. Dubi ranar albashi. Tun daga 25 ga wata gaisuwar malamai ta koma "An yi alat?" Ranar da wayar ta yi ƙara, malam ya nufi rumfar mai POS. Banki ya riga ya cire bashinsa, an cire kuɗin ƙungiya, mai POS ya cire ladansa. Abin da ya rage ya ninke ya sa a aljihun gaba, kafin ya kai gida mai shago ya fito da littafin bashi, mai kemis ya ɗaga masa hannu. Da la'asar ga shi a kan babur yana acaɓa, tsohon ɗalibinsa a bayansa yana neman ragi. An ce ladan malami yana lahira, masu mulki kuwa sun yi imani da haka, shi ya sa suke tsoron rage masa lada ta hanyar biyansa a duniya. Ranar Malamai ta Duniya, 5 ga Oktoba 2020, Shugaba Buhari ya yi alkawarin albashi na musamman ga malamai da ƙarin shekarun aiki. Ƙarin shekarun ya zama doka a 2022, malami ya kai shekara 65 da haihuwa ko 40 yana aiki. Ƙarin kuɗin har yanzu yana hanya.

Hedikwatar hukumar jarrabawa ta NECO a Minna take. Duk da wannan maƙwabtaka, a 2019 hukumar ta riƙe sakamakon dubban ɗaliban jihar saboda bashin da take bin gwamnati. An yi alkawarin biya wa 'ya'yan talakawa, an karɓi godiya, yara suka zauna a gida suna jiran takarda. Sai kuma maganar tsaro, inda yabo ke maƙalewa a wuya. Ranar 17 ga Fabrairu 2021 'yan bindiga suka shiga Kwalejin Kimiyya ta Gwamnati da ke Kagara, suka kashe ɗalibi guda, suka tafi da ɗalibai 27 da malamai da iyalansu. Sai da aka sace yaran sannan duniya ta ga hotunan kangon da suke kwana a ciki. A watan Mayun shekarar aka kwashe yara sama da ɗari daga Islamiyyar Tegina, suka yi kusan wata uku a daji, iyaye na sayar da abin hannunsu. A watan Yuni aka shiga kwalejin tarayya ta Birnin Yauri, maƙwabciyarmu ta Kebbi, wasu 'yan matan ba su dawo ba sai 2023. A Nuwamban 2025 aka kwashe ɗaruruwa daga makarantar Katolika ta Papiri a Agwara. Kowane karo magani ɗaya ne kuma bai taɓa kuskure ba: a rufe makarantu. Makarantar da ke rufe ba a satar kowa a cikinta.

Jinjina ta biyu ta shugabannin ƙungiyar malamai ce. Kun gaji gida babba. An kafa ƙungiyarku ta NUT a Legas a 1931. A 1948 Malam Aminu Kano da abokansa suka kafa Ƙungiyar Malaman Arewa, a zamanin da tsayawa gaban En'e da Turawa a faɗi gaskiya na iya raba mutum da aikinsa. Sardauna Ahmadu Bello, Abubakar Tafawa Ɓalewa da Shehu Shagari duk alli suka fara riƙewa kafin mulki. Ku kuma kun sauƙaƙa gadon, kun rage masa nauyi. Kuɗin ƙungiya ana cire shi tun daga tushe, ko albashi ya zo cikakke ko ya zo gutsure, saboda haka asusun ƙungiya bai san fari ba. Duk 5 ga Oktoba a ɗinka anko, a yi fareti, a miƙa wa wani gwamna lambar yabo ta masoyin malamai.

Yajin aiki kan albashi haƙƙinku ne, babu mai hankalin da zai ce mai jin yunwa ya koyar. Abin burgewa shi ne yadda kuka tsare yajin daga duk wani abin da ba aljihu ba. Rufin aji ya yaye, alli ya ƙare, yara ɗari suna gaban malami ɗaya, ba a taɓa jin kun ajiye aiki don waɗannan ba. A 2025 malaman firamare na Babban Birnin Tarayya sun yi sama da wata uku suna yaji, kuma a Abuja kamar a Neja, 'ya'yan da suka yi asarar zangon ba na waɗanda suka jawo yajin ba ne. Haka kuma kun iya rufin asiri. Kowane hedimasta ya san sunayen da ke cikin takardar albashi waɗanda ba a taɓa ganin masu su a aji ba: matar wane da ke zaune a Minna, ƙanin wane da ke da shago a Kontagora. Ya san wanda ɗan siyasa ya ba takardar aiki alhali ba zai iya rubuta wasiƙar neman hutu ba. A lokaci guda tsohuwar kwalejin horon malamai ta tarayya ta Kontagora ta yi shekaru tana yaye matasa masu NCE, da yawansu na zaune babu aiki. A Kaduna a 2017 aka yi wa malamai kusan 33,000 jarrabawar 'yan aji huɗu, gwamnati ta ce 21,780 ba su kai makin da aka sa ba. An yi ta jayayya a kan yadda aka shirya jarrabawar, kuma jayayyar na da tushe. Amma ƙungiyar da ta tafi yaji don kare waɗanda suka faɗi ba ta taɓa fito da nata ma'aunin ba, wanda zai kare yaron da ke zaune a gabansu. Wannan shi ne zumunci na gaske.

Jinjina ta uku ta mutanen gari ce, iyayen yara, masu unguwanni da dattawa. Ku ne kuka cika aikin. Ranar kasuwa aji ya zama kufai. Damina ta faɗi, yaro ya tafi gona har a kai amfani gida. Yarinya ta kai aji biyar a ce ta girma, a ɗora mata faranti ta tara kuɗin kayan ɗaki. Da yake makaranta "kayan gwamnati ce", benci ya koma zaure, ƙyauren taga ya koma ɗakin amarya, filin ƙwallo aka yanka shi fuloti-fuloti, aji ya zama makwancin awaki da dare. In biki ne ko tarbar ɗan takara, kafin magariba an haɗa kuɗi. In hedimasta ya kira taron kwamitin makaranta kan kwano bandir ɗaya, mutum biyar ne za su zo, uku daga ciki don su yi faɗa a kan kuɗin PTA. Lokacin jarrabawar fita kuwa uban da bai taɓa buɗe littafin ɗansa ba zai sayar da buhun dawa ya biya kuɗin satar amsa. Malami ya zo neman aure a yi shiru, a ce a bari a yi shawara. Sai a zauna a majalisa ana cewa "Me boko ya tsinana wa wane? Mai digiri ma acaɓa yake yi." Ranar da naƙuda ta zo da gardama, wannan bakin ne zai tsaya a ƙofar asibiti yana cewa shi mace yake so ta duba iyalinsa. Daga ina za ta fito, bayan an cire ta daga aji biyar?

Kada a manta da 'yan bokon gari, waɗanda gwamnati ta koyar kyauta, ta ciyar, ta ba sabulu da kuɗin mota, yau suna manyan ofisoshi a Minna da Kaduna da Abuja. Suna zuwa gida da salla, su yi taron ƙungiyar ci gaban gari, su wuce makarantar da ta raine su gilashi a rufe.

A nan ne hannuwan uku suka haɗu, kuma a nan asirin nasarar yake. Kwamishina ya cire ɗansa daga makarantar gwamnati. Ciyaman da kansila sun cire nasu. Shugaban ƙungiya ya cire nasa, hedimasta ma in ya samu hali makarantar kuɗi yake kai nasa. Mai shago da ya ɗan ji ƙarfi ya bi sahu. Duk wanda muryarsa ke kai wa inda ake yanke hukunci ba shi da ɗa a ajin nan. Makarantar ta zama jakin gayya, kowa na ɗora masa kaya, babu mai ba shi dusa. Waɗanda suka rage a ciki su ne 'ya'yan manomin da ba shi da kowa, da malamin kirki da ke taka kilomitoci da ƙafa ya sayi alli da kuɗinsa. Irin wannan malami yana nan a Dukku da kowane ƙauye, shi kaɗai ne a duk wannan labari ya cancanci yabo na gaskiya, kuma shi ne ba a taɓa ba lambar yabo ba.

Yabo ya ƙare a nan, saura magana ƙiri-ƙiri. Manomin da ya ce boko ba shi da amfani ba wawa ba ne. Ya ba da ɗansa shekara shida an dawo masa da shi bai iya karanta takardar magani ba, kuma ya yi asarar hannu a gona. Ba za a gyara tunaninsa da wa'azi a rediyo ba, sai ya ga ɗan maƙwabcinsa ya iya karatu. Yaran da ake bari a ƙasa yau ba ɓacewa za su yi ba. Nan da shekara goma samari ne, ba karatu ba sana'a, a yankin da daji ke cike da masu neman waɗanda za su riƙe musu bindiga. Mai ɗa a makarantar kuɗi ma ta hanyar nan zai bi ya zo gida.

Abin da ake buƙata sananne ne. Jiha ta ajiye kasonta ta ɗauko kuɗin UBEC kowace shekara, a liƙa a bangon kowace makaranta nawa aka ware mata da sunan ɗan kwangilar. A biya malami albashinsa cikakke a kan lokaci, da ƙarin girmansa da haƙƙin wanda ya yi ritaya, a ƙara wa wanda ya yarda ya zauna a ƙauye wani abu. Ƙungiya ta fito da sunayen malaman bogi da hannunta kafin wani ya fito mata da su, ta sa rufin aji da yawan yara a cikin buƙatun da take yaji a kansu. Hakimi da dagaci da limami da fasto su ɗauki kwamitin makaranta da muhimmancin da suke ba rikicin gona, a san yaran da ba su zo ba da dalilin rashin zuwansu. Uba ya zaunar da ɗansa ɗan aji huɗu ya ba shi takarda ya karanta, in ya kasa ya je ya tambayi dalili.

Masu neman ƙuri'a kuma za su dawo, da taliya da atamfa da sabulu kamar yadda suka saba. Ranar da suka tsaya a ƙofar fadar Dukku, kafin a karɓi komai, wani dattijo ya miƙe ya tambayi kowannensu a gaban jama'a: ranka ya daɗe, 'ya'yanka wace makaranta suke? Wanda ya kasa kiran sunan makarantar gwamnati ya faɗa wa mutane dalilin da zai sa su damƙa masa tasu.